Kukan Kwaɗi da Damana: Wa Ke Kira, Wa Ke Saurare?

 Bana da aka ba ajinmu fili mu yi rubutu a kan wata halitta da ke kewaye da mu, ba mu tafi nesa ba. Mun ɗauko maƙwabcin da kowa ya sani, wanda kuma kusan kowa ke jin haushinsa in damana ta faɗi, wato kwaɗo.

Ga yadda abin ya samo asali. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko a nan Maraɗi, kududdufin da ke bayan makarantarmu, inda aka haƙi ƙasar gini, ya cika ya batse. Kafin a yi isha'i unguwa ta ɗauki ƙara. Washegari muka zo aji kowa na hamma. Nan fa gardama ta tashi. Wani ya ce murnar ruwa suke yi. Wata ta ce kakarta ta gaya mata ƙarin ruwa suke roƙo. Wani kuma ya ce shi dai bai ga komai a ciki ba sai hana mutane barci, da zai samu dama da ya bi su da dutse ɗaya bayan ɗaya. Muka kai maganar gaban malaminmu na kimiyya, muka ce, "Malam, mi ya sa kwaɗi ba su gajiya da kuka?" Ya yi dariya ya ce, "Kafin in ba ku amsa, ku fara gano mini wa ke kukan a cikinsu, wa kuma ya yi shiru."

Bayan magariba muka tafi tare da shi, da tocila biyu, muka tsaya a bakin ruwa. Ashe ba duka ke kuka ba. Masu kukan sun jeru a gefe, rabin jikinsu cikin ruwa, maƙogwaronsu na kumbura kamar balan-balan. Wasu manya-manya kuwa suna ta tafiya shiru tsakaninsu. Can kuma ga wasu biyu-biyu, ƙarami a bayan babba. Malam ya ce masu kukan duk maza ne, manyan nan masu shiru kuwa mata ne. Daga nan muka shiga bincike da tambaya, abin da muka samo shi ne za mu kawo muku.

Wane kwaɗo muke nufi?

A Hausa sunan ɗaya ne, har ma da shi muke kiran abin kulle ƙofa, da kuma haɗin zogale da ƙuli-ƙuli. Amma in aka duba da kyau, kwaɗi kala-kala ne. Akwai mai santsin fata da dogayen ƙafafu, wanda ba ya nisa da ruwa, kamar bududdugi. Akwai kuma mai kaushin fata da gajerun ƙafafu, wanda muke tararwa a gindin randa da rani, ko a ƙarƙashin fitila yana lasar ƙwari. Wannan na biyu, kwaɗon tudu, shi ne muka fi sani a cikin gida. Wanda ya fi yawa a ƙasashenmu masana na kiransa Sclerophrys regularis, a tsofaffin littattafai kuma Bufo regularis. Ana samunsa tun daga Senegal har gabashin Afirka, ya kuma bi kogin Nilu har Masar.

Rabe namiji da mace ba wuya. Mace ta fi girma. Namiji maƙogwaronsa ya fi duhu, kuma a lokacin haihuwa yatsunsa na gaba kan yi kanta mai baƙi-baƙi, wadda yake riƙe mace da ita don kada ya zame.

Yadda kukan ke fita

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne, kwaɗo bakinsa a rufe yake yin wannan ƙara duka. Yakan cika huhunsa da iska, ya rufe baki da hanci, sa'an nan ya matse cikinsa. Iskar ta bi ta kan wasu tantani biyu da ke cikin maƙogwaro, su yi rawa, sauti ya fito. Daga nan iskar ta wuce cikin wata jakar fata da ke ƙarƙashin haɓarsa, ita ce muke gani tana kumbura. Jakar na taimakawa wajen watsa sautin, kuma tana mayar da iskar cikin huhu. Iska ɗaya ce ke ta kai da komowa, shi ya sa yake iya jera kuka ba tare da ya tsaya shaƙar sabuwa kowane lokaci ba.

Kowane irin kwaɗo da nasa kukan. A kududdufi ɗaya za ka ji mai gurnani, ka ji mai kama da ƙarar ƙarfe, ka ji mai fito. A kunnenmu hayaniya ce, amma kunnen mace, wato ɗan faifan fatar nan da ke bayan idonta, da abin da ke cikinsa, sun fi kama sautin mazan irinta. Wannan shi ne aikin kuka na farko: "Ga ni nan, ni irinki ne."

A cikin muryar akwai abubuwa uku da ya kamata mu rarrabe, don za mu yi ta komawa kansu. Akwai kauri, wato ko murya babba ce ko siririya. Akwai ƙarfi, wato nisan da take kaiwa. Akwai kuma naci, wato tsawon kowane kuka da yawan maimaita shi.

Me ya kawo gasa?

Kwaɗon tudu na iya zama nesa da ruwa, amma ƙwansa ba ya iyawa. Namiji kan hau bayan mace ya riƙe ta a hammata, ita ta riƙa sakin ƙwai cikin ruwa, shi kuma yana zuba musu maniyyinsa a waje. Ƙwan kan fito a jere cikin wani dogon zare mai yauƙi, kamar carbi, dubbai a lokaci guda. Cikin ƴan kwanaki sai su ƙyanƙyashe, ƴaƴan su fito baƙaƙe da wutsiya, ba ƙafa. Suna bukatar makonni cikin ruwa kafin ƙafafu su fito, wutsiya ta ɓace.

To kun san halin ruwan ƙasarmu. Gulbin Maraɗi kansa da damana kawai yake gudu, balle ɗan kududdufi. In ruwa ya yi fashi, rana ta buɗe, ramin ya ƙafe, duk ƴaƴan da ba su gama girma ba sun mutu ke nan. Saboda haka lokaci kaɗan ne, kowa na sauri.

Sa'an nan hasarar namiji da ta mace ba ɗaya ba ce. Mace ta daɗe tana tara abinci a jikinta kafin ta haɗa waɗannan dubban ƙwai. In ta zuba su ga namijin da ba irinta ba, ko a wurin da bai dace ba, wahalarta ta tafi a banza. Namiji kuwa yana iya samun mace yau, ya sake neman wata gobe. Maza kan riga zuwa bakin ruwa su yi ta kwana a nan, mace kuwa ta zo dare ɗaya ta gama ta tafi. Shi ya sa a kowane dare maza sun fi matan da ke shirye yawa. Abu in ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, ai dole a yi gasa.

Tun a 1871 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya yi bayanin cewa irin wannan gasa hanya biyu take bi a cikin dabbobi: ko dai maza su kara tsakaninsu, ko kuma mata su zaɓa. A wurin kwaɗi, murya ɗaya ce ke aiki a hanyoyin biyu.

Namiji da namiji: kirari kafin kokawa

Mu da muka tashi muna kallon kokawa mun san ba a fara kamawa sai an yi kirari. Ɗan kokawa na iya cika baki ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa, sai an shiga fili a gane. Kwaɗo fa? Shi ma yana iya yin ƙarya da muryarsa?

Amsar tana cikin ƙirar jikinsa. Babban kwaɗo maƙogwaronsa babba ne, tantanin muryarsa sun fi nauyi, don haka rawarsu ba ta da sauri, murya ta fito da kauri. Ƙarami kuwa tasa siririya ce. Ku kwatanta tambari da kanzagi: ko wane gwani ne ya riƙe kanzagi, ba zai fitar da amon tambari ba. Kaurin murya ke nan yana faɗin girman mai ita.

Wasu masana biyu a jami'ar Oksfod ta Ingila, Nick Davies da Tim Halliday, sun gwada wannan a kan kwaɗon tudu na Turai mai suna Bufo bufo, suka fitar da sakamakon a 1978. Wannan kwaɗo kan taru a tafki na ƴan kwanaki kawai a shekara, maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba. Namijin da ya samu mace ya hau bayanta, sauran sai su yi ta ƙoƙarin ture shi, shi kuma yana harbinsu da ƙafafun baya yana kuka. Masanan suka ɗauki namiji da ke bayan mace, suka sa masa zaren roba ta baki yadda ba zai iya kuka ba. Suka ajiye ƙaramar lasifika kusa da shi, suka saki wani namiji mai neman ƙwace. Wani lokaci su sa muryar babban kwaɗo, wani lokaci ta ƙarami. Abin da suka gani shi ne, in murya mai kauri ce ke fita, mai neman ƙwacen ya fi ja da baya. In siririya ce, ya fi kai hari.

Kun ga ke nan, kwaɗo na auna abokin karawarsa da kunne kafin ya sa jiki. Duka biyun sun ci riba: babba ya huta da faɗan da ba dole ba, ƙarami ya tsira daga faɗan da ba zai ci ba. Amma fa murya ba ita kaɗai ba ce, domin in aka haɗa jiki, ƙarfin harbi ma na faɗin nasa.

Akwai wani ɗan kuka kuma da ya ba mu dariya. A cikin duhu da gaggawa, namiji kan rungumi duk abin da ya motsa, har da ɗan'uwansa namiji. Wanda aka kama sai ya yi wani gajeren ƙugi, haƙarƙarinsa na karkarwa, kamar yana cewa, "Kai, sake ni, ba ni ba ce!" Sai kuwa a sake shi. Mun ji wannan da kunnenmu a bakin kududdufinmu.

Mace fa, me take saurare?

A nan ne aka fi yin gwaji, kuma hanyar gwajin mai sauƙin ganewa ce. A ajiye mace mai ƙwai a tsakiya, a sa lasifika ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace na fitar da kuka daban, a ga inda za ta nufa. Tunda ba namiji a wurin, ba wanda ya tilasta mata, kuma ba abin da ta gani. Kunnenta kawai ta bi.

A Turai akwai wani kwaɗon tudu mai ratsin rawaya a gadon baya, Epidalea calamita, wanda a daren da ba iska ana jin taron mazansa daga nisan da ya wuce kilomita ɗaya. Wani masani mai suna Anthony Arak ya bi su a shekarun 1980. Ya ga cewa mace na nufar muryar da ta fi ƙarfi a kunnenta, kuma manyan maza su suka fi ƙarfin murya. Sai dai sauti na raguwa da nisa. Ƙaramin namiji da ke kusa na iya fin babban da ke nesa ƙara a kunnen mace. Shi ya sa maza ke ba juna tazara, kowa na neman wurin da muryarsa ba za ta nutse cikin ta maƙwabcinsa ba. A irin kwaɗi da yawa ma, maƙwabta biyu kan yi karɓa-karɓa: wannan ya yi, ya tsaya, wancan ya amsa. Ku kasa kunne da dare za ku ji haka a unguwarku.

A Amurka kuma an yi aiki mai yawa a kan wani kwaɗon itace mai ruwan toka, Hyla versicolor. Matansa sun fi son namiji mai dogon kuka. To me mace za ta samu a ciki, tunda namijin ba ya ciyar da ita, ba ya renon ƴaƴa? A 1998 Allison Welch da abokan aikinta a jami'ar Misuri suka fitar da amsa. Sukan raba ƙwan mace ɗaya kashi biyu, rabi a haɗa da maniyyin mai dogon kuka, rabi da na mai gajere, sa'an nan su rena ƴaƴan. Uwa ɗaya, reno iri ɗaya, uba ne kawai ya bambanta. Duk inda aka ga bambanci wajen girma da rayuwa, ƴaƴan mai dogon kuka ne ke gaba. Wato abin da mace ke nema a cikin muryar, gado ne ga ƴaƴanta.

Kuka ba kyauta ba ne

Mai karatu zai ce, to in dogon kuka mai ƙarfi ne ke jawo mace, me zai hana kowa ya yi? Abin da ya hana shi ne tsada, kuma hanya biyu ake biya.

Ta farko ƙarfin jiki. A 1985 Theodore Taigen da Kentwood Wells sun auna iskar da wannan kwaɗon itace mai ruwan toka ke ƙonawa a jikinsa. Suka tarar cewa in yana tsananin kuka, abin kan kai kusan ninki 20 na lokacin da yake hutawa, har ya wuce na lokacin da aka sa shi motsa jiki iya ƙarfinsa. Namijin da ke kwana yana kuka ba ya samun lokacin cin abinci sosai, kitsen da ya tara yake ƙonawa, sai ya yi ta ramewa. Mara lafiya ko mai yunwa ba zai jure ba. Wannan tsadar ita ta sa mace za ta iya yarda da abin da ta ji: wanda ya daɗe yana yi, lalle yana da abin yi da shi.

Ta biyu kuwa rai ne. Duk wanda ya ɗaga murya cikin dare, ba wadda yake kira kaɗai ke ji ba. Misalin da ya fi shahara ya fito ne daga ƙasar Panama, a tsakiyar nahiyar Amurka, inda Michael Ryan ya shafe shekaru yana nazarin wani ɗan kwaɗo mai kaushin fata da tsawonsa kimanin santimita 3 ne. Sunansa tungara, kuma daga kukansa aka samo sunan. Kukan gaɓa biyu ne: wani dogon "tuun", sa'an nan wani gajeren "gara" da yake iya ƙarawa sau ɗaya ko fiye, ko ya bari. In namiji shi kaɗai ne, yawanci "tuun" kawai yake yi. In wasu maza suka fara, sai ya shiga ƙara "gara". Da aka gwada mata da lasifika, sun fi nufar kukan da ke da ƙarin.

To don me ba ya ƙarawa kullum? A farkon shekarun 1980 Ryan da wani masanin jemagu, Merlin Tuttle, suka gano dalili. A dajin akwai wani jemage mai cin kwaɗi, Trachops cirrhosus, wanda kukan yake bi ya sure mai shi daga kan ruwa. Shi ma jemagen ya fi nufar kukan da ke da "gara". Abin da ke jawo amarya shi ke jawo ajali. Don haka ɗan kwaɗon ba ya sa ransa a haɗari sai gasa ta tilasta masa. Sun kuma ga cewa jemagen na rabe kukan kwaɗon da ake ci da na kwaɗon tudu mai dafi, ya bar mai dafin. Haka nan, in taro ya yi yawa, haɗarin da ke kan kowane ɗaya na raguwa, wannan na cikin dalilan da suka sa maza ke taruwa wuri guda duk da kishin da ke tsakaninsu.

Ƴan laɓe

Ƙaramin namiji fa, wanda muryarsa ba ta kai ko'ina ba, sai ya haƙura? A'a, yana da tasa dabara. A cikin kwaɗin nan masu ratsin rawaya, Arak ya ga wasu ƙananan maza da ba sa kuka sam. Sukan laɓe shiru kusa da babban mai kuka. In mace ta taho tana bin muryar, sai ɗan laɓen ya tare ta a hanya ya haye bayanta. Wani ya yi wahala, wani ya kwashe. Mu a aji "ci-ma-zaune" muka sa masa.

Ba a haifi kwaɗo ɗan laɓe ba. Lissafi yake yi da kunne: in muryar maƙwabcinsa ta danne tasa sosai, shiru ya fi masa riba. In aka ɗauke babban, sau da yawa sai ka ji ɗan laɓen ya buɗe murya. Mai kuka ya fi samun mata, amma samun kaɗan ya fi babu, ga shi kuma ya adana ƙarfinsa har ya girma.

To, wa ke zaɓe ke nan?

Wannan tambaya ta raba ajinmu biyu. Ƴan mata suka ce mace ce ke zaɓe, samari suka ce ƙarfi ne ke raba gardama. Malam ya ce kowa na da rabin gaskiya, abin ya danganta da tsawon lokacin da ake da shi. Tun a 1977 Kentwood Wells ya kasa kwaɗi gida biyu a kan wannan.

Gida na farko su ne masu yin komai cikin ƴan kwanaki, kamar Bufo bufo, da kuma da yawa daga cikin masu haihuwa a ruwan da ba ya daɗewa. Kowa ya zo lokaci guda, wuri ya cushe, maza na ta ninƙaya suna cafke duk abin da suka samu. A nan mace ba ta cika samun sukunin saurare ba. Wani lokaci maza da yawa kan taru a kanta su dunƙule, har ta kasa ɗago kai ta shaƙi iska ta mutu. A irin wannan wuri, kokawa ta fi murya yanke hukunci.

Gida na biyu su ne masu ɗaukar makonni ko watanni. Mata na zuwa ɗaya-ɗaya, maza na zaune a wurarensu suna kira. A nan mace kan zo a hankali, ta tsaya cikin duhu ta saurara, ta wuce wannan ta wuce wancan, sa'an nan ta nufi wanda ta ga dama. A nan murya ce jari.

Abin da muka gani a kududdufinmu ya yi kama da duka biyun. Daren da ruwa ya fara cika, turereniya muka tarar. Da aka kwana biyu wuri ya lafa, sai muka ga maza sun rarrabu a gefe, kowa da ɗan filinsa, ana karɓa-karɓa.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu in dare ya yi muka ji sun fara, ba ma jin abin kamar da. Mun san kowane mai kuka yana magana ne da masu saurare uku a lokaci guda: macen da yake nema, namijin da yake kishi da shi, da maƙiyin da ke neman cinsa. Mun kuma san cewa da ƙarfin jikinsa yake biya, cikin ƴan kwanakin da ruwa ya ba shi. Hausawa na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To ashe na kwaɗo ma haka ne.

Muna da roƙo ga ƙannenmu. Ku daina jifan kwaɗi, musamman in kun gan su biyu a haɗe, domin dutse ɗaya na iya hallaka dubban ƙwai. Kwaɗon tudu ba ya cizo, kuma gara, shinge, tururuwa, gyare da sauran ƙwari yake rage mana a gida da gona. Yana dai da dafi a kumburin nan biyu da ke bayan idanunsa, shi ke sa kare kumfar baki in ya cafke shi, don haka wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya kai ido ko baki. Ga iyayenmu kuma, a rage zuba baƙin mai, ragowar maganin feshi da shara cikin kududdufi, domin fatar kwaɗo da ta ƴaƴansa na shan duk abin da ke cikin ruwa. Babban binciken duniya da aka fitar a 2023 ya nuna cewa kusan kashi 41 cikin 100 na ire-iren kwaɗi da danginsu na cikin haɗarin ƙarewa. Namu na gida har yanzu suna da yawa, sai mu bar su da yawansu.

Wanda ke son ya gwada abin da muka yi, ga shawara. Ya tafi da babba, kada yaro ya je shi kaɗai. Ya sa takalmi ya riƙe tocila, don macizai ma sun san inda kwaɗi ke taruwa. Kada ya shiga ruwan, saboda ramin gini na da zurfin da ba a gani, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke kwance. Ya tsaya shiru na ɗan lokaci har su saba da shi, sa'an nan ya zaɓi namiji ɗaya ya bi muryarsa: mai kauri ce ko siririya, wa yake amsa wa, akwai wani ƙarami da ya yi lamo kusa da shi? In akwai salula, a ɗauki sautin a kawo mana aji mu saurara tare.

Abokinmu mai neman dutse dai ya ajiye. Ya ce har yanzu suna hana shi barci, amma yanzu in ya kasa barcin, ƙirga masu karɓa-karɓa yake yi har ya ɓingire.

 

Daga ɗaliban aji na ƙarshe.